Haƙorin Auta da Kujerar Taga

Shekara ashirin da biyu Auta ya yi yana aski a shagon yayansa, a kujera ta biyu, wadda ke jikin taga. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, shi ya sa sunan Auta ya bi shi har furfura ta fito masa a gemu, kuma Yaya bai taɓa kiransa da wani suna ba. Shagon ba wani babba ba ne. Kujera biyu, dogon madubi ɗaya da ya fara baƙi ta gefe, bencin masu jira, fanka mai kuka, sai kwanon wanke kai a lungu. Amma in ana maganar gyaran gemu da reza, duk layin an san kujerar taga ake jira. Mutum zai shigo ya ga kujerar Yaya ba kowa, ya ce shi dai ba ya sauri. Hannun Auta ba shi da nauyi. Yakan sunkuyo har numfashinsa na taɓa goshin mutum, ya ja fata da babban yatsa, ya bi da reza a hankali, kafin ka ankara barci ya ɗauke ka.

Wannan sunkuyon da ya yi masa suna shi ne ya zo ya tona masa asiri, a kan haƙori guda ɗaya.

Haƙorin na can ciki ne, a ƙasa, ɓangaren hagu, irin manyan nan na tauna. Da fari ɗan rami ne da tsokar nama ke maƙalewa, ya sa tsinke ya fitar. Shekara ta zagayo, rami ya zama kogo. Ya daina tauna ta hagu, ya daina shan ruwan sanyi. Wata rana yana cin burodi gefen haƙorin ya ɓare, ya tofo ɓarin a tafin hannu, baƙi ƙirin. Ya kai hanci ya shinshina, ya tashi ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Duk mai hankali daga nan wurin likita zai nufa. Likitan haƙorin ma ba nisa, yana saman bene a bakin babban titi, ƙasansa kemis, tafiyar minti goma a ƙafa. Auta in ya zo daidai wurin tsallaka titi yake yi, ya bi ta ɗaya gefen kansa a ƙasa.

Abin ya samo asali tun yana shekara tara. Haƙori ya dame shi, babansu ya kai shi wani ɗaki a bayan kasuwa, wurin wani mai cire haƙori da ko ƙofar makarantar likita bai sani ba. Ba allurar kashe zafi, ba komai. Babansu ya danne kai. Yaya, wanda lokacin ya zama saurayi, ya hau ƙafafunsa ya zauna. Mutumin ya cusa masa guntun katako a baki, ya sa filaya. Haƙorin ya karye biyu, sai ya koma yana tono sauran da wani ƙarfe mai tsini. Auta ya saki fitsari, ya jiƙa wandon Yaya har gwiwa. Shekara da shekaru Yaya na ba da wannan labari a gaban baƙi, yana kwaikwayon kukan, ana ta dariya. Daga baya ya gaji da labarin ya manta. Auta kuwa, ƙaton mutum mai 'ya'ya huɗu, har yau in ƙarfe ya taɓa haƙorinsa, ko da cokali ne, sai mararsa ta ɗaure.

Matarsa ce ta fara jin warin. Mace ce da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta gaya masa sau ɗaya da lallashi, sau biyu da faɗa, daga nan ta koma aiki da hannu. Ta ware masa kofi, ta ɗaura masa zare a mariƙi don kada yara su ɗauka. Da safe rigar matashinsa takan tashi da wani rawayan tabo na yawun da ya dalalo, ta ɗauke ta da yatsa biyu ta jefa a bokitin tsumman goge-goge, ba ta haɗa ta da kayan mutane. In yana mata magana sai ta sami abin kallo a bango. Wata safiya ya ɗauki ƙaramar 'yarsa zai sumbace ta kafin ya fita, yarinyar ta tokare masa ƙirji da hannu biyu ta ce bakinsa na warin kwata. Uwar ba ta tsawata mata ba. Ya ajiye yarinyar, ya sa takalmi, a bakin ƙofa ya juyo ya ce wa matar, in dai Yaya ya ji maganar haƙorin nan daga bakinta, to ta san inda dare ya yi mata. Ta ce ai ba sai ta gaya masa ba, Yaya yana da hanci.

Babu abin da bai gwada ba, ban da abu ɗayan da ya kamata. Ya tauna kanumfari har harshensa ya mutu. Ya cika aljihu da minti da cingam, warin ya haɗu da zaƙi ya zama wani abu da ya fi na da muni, kamar an fesa turare a masai. Ya sayi takunkumi ya rufe baki da hanci, sai ga shi shi ne ke shaƙar abinsa, kafin ya gama kai ɗaya ya fita bayan shago ya yi amai. Ya cire takunkumin ya jefar.

Maganin da ya ga ya yi masa aiki a gabansa yake kullum, a kan kantar shagon. Kwalbar sifirit ce, ruwan nan da suke goge reza da bakin kilifa da shi tsakanin kai da kai. Wata rana zafi ya kai masa karo, ya juya baya, ya yagi auduga, ya tsoma, ya cusa a kogon da ɗan yatsa. Ya ga wuta, hawaye ya zubo, sannan sai shiru. Zafin ya kwanta kusan awa guda. Kuma a hancinsa warin ya ɓace, sai ƙamshin tsabta irin na asibiti. Ya ce ya gama da likita. Daga auduga ya koma guntsa, ya kurkure, ya tofar a kwanon wanke kai in Yaya ya juya baya. Sau huɗu a rana, sau shida, sau goma. Kwalbar da ke yi musu wata guda ta koma ƙarewa a mako.

Abin da bai lissafa ba shi ne, shi kaɗai ya san sifirit ne. Wanda ke kwance a kujera, kai a baya, hanci a sama, abin da yake ji daban. Yana jin ruɓa, a kan ruɓar kuma yana jin wani abu mai yaji da duk wanda ya taɓa zama kusa da mashayi a mota ya sani. Ga idanun Auta kullum ja saboda rashin barci, ga shi ya rame saboda ba ya iya cin abin kirki, ga hannun da ake yabo ya fara 'yar rawa. Mutane ba su ce komai ba. Sai dai masu cewa ba sa sauri suka fara sauri. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da su ya ce matarsa ta ce gemu na yi masa kyau, zai bar shi. Wani ma'aikacin banki da ya shekara goma a kujerar taga ya koma zuwa ranar da ya san Auta na hutu. Waɗanda suka daure suka zauna, Auta yana ganin yadda suke riƙe numfashi in ya sunkuyo, wuyansu ya kumbura, su sake shi in ya juya ɗaukar tawul. Yana gani a madubi. Ya san abin da suke ji, ya kuma ci gaba da sunkuyawa, don bai iya aski ta wata hanya ba.

Ranar Asabar da hantsi Kofur ya zo. Tsohon soja ne da ya yi ritaya, gajere mai faɗin ƙirji, duk mako sai ya zo an kwashe masa gemu tas, kuma tun da Auta ya fara riƙe reza shi ke yi masa. Shagon cike yake, benci ba wurin zama. Kwana uku ke nan dasashin Auta ya kumbura, wani ƙullutu ya fito a gindin haƙorin, yana bugawa kamar zuciya. Ya guntsi sifirit a ɓoye, ya tofar, ya shafa wa Kofur kumfa, ya sa sabuwar reza. Ya gama kuncin dama lafiya. Ya sunkuyo zai bi ƙarƙashin haɓa, ya cije baki kamar yadda ya saba in ya zo wuri mai wuya, sai ƙullutun ya fashe.

Bakinsa ya cika da wani ruwa mai ɗumi, mai kauri, mai gishiri-gishiri. Warin ya haura masa ta cikin hanci. Ya so ya haɗiye, maƙogwaro ya ƙi. Hannunsa ya zame, reza ta shiga haɓar Kofur, jini ya ratsa farar kumfa. Ya buɗe baki zai ce yi haƙuri, mugunya ta dalalo ta gefen leɓensa, ta ɗiga a kan tawul ɗin da ke ƙirjin mutumin, rawaya da jini-jini. Ya ruga kwanon wanke kai ya tofar, ya sake tofarwa, ya buɗe famfo. Mutum biyu a benci suka tashi suka fita, ɗaya yana toshe da hanci.

Kofur bai yi ihu ba. Ya cire tawul ɗin da bakin yatsu ya yar a ƙasa, ya danne haɓarsa da hankici, ya dubi Yaya ta madubi.

"Shekara goma sha takwas na yi a bariki," in ji shi. "Warin nan ko a kabari na ji shi na san shi. Ƙanenka na sha. Ya sha har cikinsa ya ruɓe yana fitowa ta baki, kai kuma ka ba shi reza ka ɗora shi a wuyan mutane."

Ya tashi da rabin gemu da kumfa a kunne, ya fita.

Yaya ya kashe kilifa. Mutum ne mai jiki, mai son raha, amma ran nan fuskarsa ba annuri. Ya ce ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin a layi yana ƙaryatawa, ya kuma daɗe yana jin wani abu a shagon yana cewa ko ɓera ne ya mutu a silin. A gaban sauran mutanen da suka rage ya tambaya.

"Auta, dube ni. Kana sha ko ba ka sha?"

Amsar ba wuya. Kalma huɗu ce ko biyar, ko kuma kawai ya buɗe baki ya nuna haƙorin. Auta ya tsaya riƙe da gefen kwanon, ruwa na zuba. Ya dubi Yaya, ya dubi mutanen benci da suka zuba ido, ya ga yadda za ta kaya. Yaya zai ce to me ya hana ka zuwa a cire. Daga nan zai tuna. Zai buga cinya, ya juya wurin benci ya ce ku tsaya ku ji wani labari. Auta ya rufe famfo, ya goge baki da bayan hannu, bai ce komai ba.

Yaya ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Ya ce ya tafi gida. Ya ba shi mako guda, in ya dawo da bakin mutane kujerarsa na nan, in ba haka ba akwai wani mai aski da ya daɗe yana roƙon wuri, shi ba zai bari a rufe masa shagon da ya gina da guminsa ba.

Kafin ya kai gida labari ya riga shi. Matarsa na tsaye a tsakar gida, ta ce maƙwabciya ta shigo yi mata jaje, wai Allah ya shirya maigida. Ta ce ita ta haƙura da wari, ta haƙura da wankin ƙazanta, amma ba za ta zama matar mashayi a kan giyar da ko ɗanɗana ta bai taɓa yi ba. Ranar Litinin ta sa mayafi ta tsaya a kansa har ya sa riga. Ta tasa shi gaba kamar mai kai yaro makaranta.

Matakalar benen ashirin da ɗaya ce, ya ƙirga. A ta goma gumi ya jiƙa masa baya. Ɗakin jira fes yake, kujerun roba a jere, hoton wani ƙaton haƙori mai dariya a bango, da ƙamshin magani. Nas ta rubuta kati ta ce su zauna. Kusa da su wata tsohuwa na zaune da jikarta, yarinya 'yar shekara bakwai, tana kaɗa ƙafa tana wasa da haƙorinta mai girgiɗi. Aka kira yarinyar, ta shiga da tsalle. Can sai injin huda haƙori ya tashi a ciki, siririn kukan nan mai shiga ƙashi. Auta ya ji mararsa ta ɗaure. Tafin hannunsa ya yi sanyi, bangon ya matso. Ya san babu katako a ɗakin nan, babu filaya mai tsatsa, ya san akwai allura, kowa ya gaya masa. Sanin bai amfane shi da komai ba. Yarinyar ta fito da auduga a baki tana nuna wa kakarta abu a cikin takarda. Nas ta leƙo ta ce mai aski ya shigo.

Ya miƙe. Ya ce wa matarsa bari ya kama ruwa tukuna. Ya wuce ƙofar bayi, ya sauka matakala bibbiyu, bai tsaya ba sai a bayan wata tashar mota, inda ya jingina da bango yana haki kusa da juji. Da ya duba, gaban wandonsa ya ɗan jiƙe. Ya saki riga a kai. Ya daɗe tsaye a wurin, ƙudaje na sauka masa a leɓe yana kora, yana jin ƙyamar kansa fiye da ta jujin.

Matar ta jira minti ashirin a saman bene. Da ta sauko ba gida ta nufa ba, shago ta tafi.

Washegari da sassafe Yaya ya aiko a ce ya zo kafin a buɗe. Auta ya same shi shi kaɗai yana shara. Yaya ya jingine tsintsiya, ya nuna masa kujerar taga, ya ce zauna. Shekara ashirin da biyu Auta bai taɓa zama a kujerar nan an kwantar da shi ba. Yaya ya taka ƙarfen da ke gindinta, kujera ta yi baya, ya kunna tocilar waya ya ce buɗe. Auta ya buɗe. Yaya ya sunkuyo, ya leƙa, sai ya yi baya da sauri har ya bugi kanta, ya juya ya tofar da yawu a kwandon gashi.

"Wannan ai mushe kake yawo da shi a baki," in ji shi. "Wata nawa?"

"Ya fi shekara biyu."

"Shekara biyu. Kana sunkuyawa a fuskar mutane. Kana shanye mini sifirit ina zargin mai kawo kaya." Ya goge baki. "Na tambaye ka a gaban jama'a, ka zaɓi a ce maka mashayi?"

Auta ya kawar da kai gefen taga.

"Wallahi da giyar ce da na fi gane maka. Mashayi ko ba komai yana jin daɗin abinsa. Kai me ka samu?"

Yaya bai yi dariya ba, kuma wannan ya ba Auta mamaki. Ya zauna a hannun ɗaya kujerar, da alama yana lalubo wani abu a kansa. Ya ce matarka ta ce wai tun na bayan kasuwa ne. Ya ce shi har ga Allah ya manta da wannan rana sai jiya. Daga nan ya sassauta murya, irin yadda yake yi in yana son ya kyauta, ya dafa gwiwar Auta.

"Tashi mu je yanzu. Ni zan kai ka da kaina. In ma tsoron zabura kake, ai ga ni, ni zan riƙe maka ƙafafun."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Auta ya dubi hannun da ke kan gwiwarsa, babban hannu mai gashi, ya ji nauyinsa ya ninka. Ya ture shi. Ya sauko daga kujerar tun ba a ɗago ta ba, ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin kanta, ya fara zuba kaya: kilifa biyu, almakashi, mataji, burushin kumfa da ya yi shekara goma yana amfani da shi. Yaya yana ta magana a bayansa, yana cewa me ya faɗa kuma, shi fa taimako yake nufi, wane irin mutum ne wannan. Auta ya zuge jaka ya fita. Yaya ya biyo shi bakin ƙofa ya ce mako gudan nan dai bai canza ba.

Mako ya cika, Auta na gida. Ranar Litinin aka ga sabon mutum a kujerar taga, wani dogo mai sanƙo da fararen haƙora.

Haƙorin bai bar shi don ya bar aiki ba. Ƙullutun ya sake cika, wannan karon bai fashe ba, ya bi ta ƙasa. Kunci ya kumbura, ya sauka wuya, idon hagu ya rufe. Bakin ya ƙi buɗuwa sai kaɗan, ko ruwa sai da tsinken shan lemo. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗakin ya ɗauki wari har yara suka koma kwana a falo. Rana ta huɗu da azahar matarsa ta taɓa goshinsa, ta kira shi bai amsa daidai ba, ta fita ta samo mai tasi da maƙwabci, suka ɗauke shi kamar buhu. Ba shi da ƙarfin gudu, wannan ne kawai ya kai shi.

Kwana uku ya yi a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, aka tsaga ƙasan muƙamuƙi aka matse abin da ya taru, nas ɗin da ta riƙe kwano ta sa takunkumi biyu. Da kumburi ya sauka aka tura shi wurin likitan haƙori, saman benen nan dai, matarsa a dama maƙwabci a hagu. Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ta yi allura. Ya rufe ido yana jiran katako, jikinsa na kaɗawa har kujerar na ƙara. Ya ji an danna, an murɗa, sai ƙarar abu a kwanon ƙarfe. Bai kai lokacin da yake ɗauka ya gyara kunci ɗaya ba.

Ta nuna masa. Ɗan guntun abu ne baƙi, mai ƙafa biyu, da tsokar nama a manne, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya kalle shi ya kawar da kai. Ta ce ba a gama ba. Ruɓar ta kama uku na kusa da shi, biyu za a iya cike su in ya zo da wuri, ɗaya sai an cire. Ta ce ya daina zuba sifirit, ya ƙone masa dasashi. Ta rubuta rana a kati, mako biyu masu zuwa, ƙarfe goma na safe.

Yaya ya zo gaishe shi da ledar lemo. Ya zauna nesa kaɗan, kusa da ƙofa. Ya ce ya bi layi ya gaya wa mutane ba giya ba ce, haƙori ne, wasu sun yarda, wasu sun ce ai ɗan'uwa dole ya rufa wa ɗan'uwa asiri. Kofur ya ce shi hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Yaya ya ce dogon nan ba shi da hannu, jiya ma ya yanki mutum a kunne, kuma ya gaya masa tun farko cewa riƙon ƙwarya yake yi. In Auta ya je aka gama da sauran ukun, ya kawo katin da sa hannun likita, kujerarsa ce. In ba haka ba kada ma ya zo, shi ba zai sake shaƙar abin da ya shaƙa ba.

Mako biyun nan Auta ya ci abinci, ya yi barci, ya ɗan murmure. Matarsa ta kwance zaren da ke jikin kofi. Ƙaramar 'yarsa ta yarda ya ɗauke ta. Ya wanke kilifofinsa ya sa musu mai, ya jera a jaka. Sai dai kwana biyu kafin ranar, yana shan shayi, haƙorin da ke kusa da gurbin ya ɗan yi masa tsam.

Ranar da aka rubuta ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya sa kati a aljihun gaba. Matar ta ɗauko mayafi, ya ce ta zauna, ai yanzu ya san ba komai ba ne, minti nawa ne. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta mayar da mayafin. Ya bi ta gaban shago, ya hango dogon yana sunkuye a kan mai ɗinki, wanda ashe ya fasa barin gemun. Ya ƙara sauri. Wannan karon bai tsallaka titi ba. Goma saura biyar yana gindin matakala, ya ɗora ƙafa a ta farko, ya kama ƙarfen dafawa.

Tagar sama a buɗe take. Injin ya tashi.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Wata mata da yaro suka ce ya ba su hanya, ya matsa, suka haye. Ya ciro katin ya duba, ya mayar. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Ya sauke ƙafar, ya yi taku uku zuwa hagu, ya tura ƙofar kemis. Mai kemis ya ɗago ya tambaye shi me za a ba shi.

"Auduga," in ji Auta, yana kare baki da hannu. "Da sifirit, babbar kwalba."